Farida ta Nutsar da Unguwar Masunta

Kotonu, farkon damina

Zuwa ga Kawu Alƙasim, a Karofane.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka da kyau. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki, yaya kunnen nan naka? Ina Inna Cima da ciwon gwiwarta? Ni lahiya lau nike, sai kewar furar gida, don ta nan ruwa ce kawai anka yi wa farin fenti.

Na bar kiranka ta waya ne saboda ranar nan na yi ta ihu har maƙwabta sunka leƙo, kai kuma kana ta cewa, "Wa ke magana?" Tunda Lurwanu yana kawo albasa kasuwar nan da kamyonshi, babbar motar nan tashi, yana komawa Madawa, gara in riƙa ba shi takarda.

Ka aiko a tambaye ni wane irin karatu ne wanga da ba ya ƙarewa. Kawu, teku ba ya zama wuri guda. Kullum yana lasar ƙasa, kamar yadda ruwan korin garinmu ke cin bakin gonaki, sai dai shi ba ya jiran damina. Aikina shi ne in gano inda zai ci nan gaba. Mukan shiga kwalekwale mu auna zurfin ruwa, mu auna tsawon igiyar ruwa da ƙarfin iska da irin yashin da ke gaɓa. Duk sai in zuba wa ordinatar, wato kwamfuta, in ce mata ta yi mani teku.

Wata da watanni tekun nan nawa ya ƙi ni. In na tashe shi sai ya kwanta kamar ruwan randa, ko kuma ya haukace ya hau sama har ordinatar ta mutu. Amma ranar Laraba Allah ya ba ni sa'a. Na ƙara iska daga kudu, na ɗaga ruwa kaɗan, na saki. Kafin in gama shan shayi na nutsar da unguwar masunta gaba ɗaya! Gidaje, wurin bandar kifi, har da 'yar lakwal ɗinsu inda yara ke karatu, duk ruwa ya shafe. Na yi tsalle na rangaɗa guɗa. Furofesa ya zo ya duba, ya ce tunda yake bai ga ɗalibin da ya yi ɓarna mai tsabta irin wagga ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa tukuna. Kai kaɗai na faɗa wa, don kai ka kai ni lakwal da hannunka bayan rasuwar mahaifiyata, lokacin da dangi ke cewa ɓata lokaci ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada unguwar da ke kusa da ita.

Ɗiyarka,
Farida

*

Karofane, bayan shuka

Zuwa ga ɗiyata Farida.

Bayan gaisuwa mai yawa. Muna lahiya. An yi ruwa, hatsi ya tsiro. Gwiwar Cima tana nan, tana sanar da mu hadari tun bai taso ba. Kunnena kuwa lahiyarshi ƙalau, mutane ne sunka koyi magana ƙasa-ƙasa.

Farida, innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Da farko na ce surutun yara ne. To jiya bayan magariba na bi ta shagon mai tele, sai ga Kotonu ana nunawa. Ruwa har ƙirji, mata da tukwane bisa kai, wani mutum zaune bisa rufin ɗaki rungume da akuya. Ban ji abin da mai labarai ke faɗi ba, kuma ba ni da buƙata. Na san wadda ta yi shi. Jama'a na ta "Allah sarki, Allah sarki", ni kuwa na ja hula na sulale gida.

Mi mutanen nan sunka yi miki? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a furoje na Keita, muna ɗaukar duwatsu muna jerawa cikin ragar ƙarfe don mu tare ruwa, ashe ɗiyar da na rena za ta tahi ƙasar mutane ta sako musu shi. Har da guɗa! Kuma in kin iya kiran ruwa haka, bara da hatsinmu ya ƙone a tsaye ina kike?

Furofesan nan naki ban yarda da shi ba. Mutumin da ya ce kada ki faɗa wa kowa, ranar da jandarmomi sunka zo zai rantse bai taɓa ganinki ba.

Yanzu ki saurara. Unguwa ta biyu ki ƙyale ta, na haɗa ki da Allah. Ki kashe ordinatar nan ki lulluɓe ta da zane. Kada ki kira waya, ana saurare. Na cire pis ɗin wayar gidan nan, layin nan da ke cikinta, na ɓoye shi. Na yi magana da Lurwanu, in zai dawo zai bar miki wuri bayan kamyo tsakanin buhunan garin rogo. In kun iso duwan, wurin 'yan kwastan na iyaka, ki riƙe numfashi, kada ki yi atishawa. Cima ta share ɗakin baya, za mu ce ma mutane bakansi kinka zo, hutun karatu. Lurwanu bai san dalili ba, ce mishi na yi ƙwalwarki ta gaji da karatu.

Ni ne kawunki da abinci ya ƙi shiga,
Alƙasim

*

Kotonu, tsakiyar damina

Zuwa ga Kawu Alƙasim.

Ina gaisuwa, ina fatan kun kwana lahiya kai da Inna, kuma abinci ya fara shiga.

Kawu, Lurwanu ya zo ya same ni, yana yi mani magana a hankali kamar mai lallashin maras lahiya. Ya nuna mani wurin da ya gyara tsakanin buhuna, har da tabarma da buta. Da na karanta takardarka na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi kuma ya ƙara tabbata cewa ƙwalwar ta taɓu. Na kira wayar gida ba ta shiga.

Ban nutsar da kowa ba! Tekun nawa cikin ordinatar yake, hoto ne da lissafi. Ko kaza ba ta jiƙe ba. Ka tuna taswirar da injiniyoyin furoje ke shimfiɗawa kafin ku aza dutse? To irinta ce, sai dai tawa tana motsi. Ina nutsar da unguwa a allo don in gane ta inda ruwa zai shigo, sannan in jera duwatsu nan ko can, cikin allon dai, in ga wane jeri ne zai tare shi. Furofesa kuma cewa ya yi in yi shiru sai mun tabbatar da lissafin, kada mu tayar wa mutane da hankali a banza.

Abin da ka gani a tele gaskiya ne. Iska ta taso, teku ya hau unguwar, kuma ya bi daidai hanyar da na zana mishi. Wanga ya tsorata ni ni ma. Na je can na taya matan unguwar kwashe kaya. Ba a yi rashin rai ba, alhamdu lillahi, amma gidaje sun tahi.

Ba zan iya tahowa yanzu ba, don an sa mani rana. Cikin Satumba zan tsaya gaban juri in kare kaina. Manya ne daga nan da Dakar da Abijan, masu dogayen riguna ja da baƙi. Zan yi bayanin duk abin da na aikata, su yi mani tambayoyi, sannan a fitar da kowa waje su yanke hukunci. Ba a shiga da mataimaki, ni kaɗai zan tsaya. In ta yi kyau, shi ke nan na fita. In ba ta yi ba, sai in ƙara shekara ɗaya ko biyu a nan. Ka sa ni cikin addu'a.

Ɗiyarka,
Farida

*

Karofane, hatsi ya fidda kai

Farida ɗiyata, ni ce Cima. Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, tun na yaƙi da jahilci ne zamanin furoje, hannu ya manta. Gwiwa da sauƙi.

Kawunki ya karanta takardarki ya ɗago kai ya ce, "Kin ji ko? Ruwa ya bi hanyar da ta zana mishi. Ta amsa laifi da hannunta." Na ce, "Malam, yarinya ta ce hoto ne." Ya ce duk wanda anka kama haka yake cewa. Na ce, "Jarrabawa ce fa za ta yi." Ya ce ya san jarrabawa, ba a sa mata jar riga. Jar riga sau ɗaya ya taɓa ganinta, a kotun garin Tawa, ranar da anka ɗaure ɓarayin shanu. Na ɗaga murya, sai ya juyo mani kunnen hagu. Kin san na hagun.

Ya sa na wanke babbar rigarshi. Ya shiga rumbun albasa ya zaɓi manya-manya ya cika buhu, wai na babban alƙali ne. Na ce wanga ai cin hanci ne. Ya ce gaisuwa ce. Ga hatsi ya fidda kai, tsuntsaye sun sauka, mutumin da ko suna ba ya zuwa in gona na wanga hali, ya bar mani ita ya ce gobe zai bi Lurwanu.

Na nemi pis in kira ki, ashe ya ɗinke shi cikin hularshi. Wayar maƙwabta kuwa ya rantsar da ni kada in taɓa. Shi ya sa na rubuta wagga zan ba Lurwanu a ɓoye. Na san da ita da kawunki kamyo guda za su hau, to ki yi ƙoƙari ki karanta ta kafin ki gan shi.

Bai taɓa wuce Dosso ba. Ki kula da shi, kada ki bari ya ci abin da bai sani ba.

Innarki,
Cima

*

Kotonu, Satumba

Zuwa ga Inna Cima.

Inna, ina gaishe ki, yaya gwiwa, yaya fama da tsuntsaye? Kawu lahiya lau yake, ga shi nan bisa tabarma yana faɗa da fanka. Takardarki ta iso, sai dai Lurwanu ya miƙo mani ita ne bayan an gama komi. Kamyonsu ya lalace a Paraku, ba su shigo gari ba sai safiyar ranar.

Ina tsaye gaban babban allo, zaure cike da mutane, na kai daidai wurin da nike nuna yadda ruwa ke shiga unguwa, sai na ji warin albasa. Na waiga. Ga Kawu bakin ƙofa, babbar riga duk baƙin mai, Lurwanu na bayanshi da buhu a kafaɗa. Kawu ya dubi allo ya ga gidaje na nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi jajayen riguna. Sai ya tuɓe takalmi, ya tako har gaban tebur ya durƙusa.

"Mushe le juj," in ji shi, wai ranka ya daɗe alƙali, da muryar nan tashi da ake ji daga gona, "yarinyar nan marainiya ce. Ba ta san teku ba, garinmu ko tabki sai da damina. Ni na kai ta lakwal, ni na saya mata alƙalami na farko. In ɗauri ne, ni za ku ɗaure. Na tsufa, ba ni cin abinci da yawa."

Shugabar juri mace ce, wata dattijuwa daga Dakar. Ta dube ni ta ce, "Mi yake cewa?" Inna, da bakina na fassara. Da na kai wurin "ba ni cin abinci da yawa" sai kuka ya ƙwace mani. Rabin zaure na dariya, ni kuma ina kuka, hawaye da majina gaban manyan malamai.

Matar nan ta cire tabarau, ta zagayo tebur da kanta ta ɗaga shi, ta sa aka kawo mishi kujera a sahun gaba. Ta ce mani, "Nuna wa babanki sauran."

Na danna. Ruwa ya ja da baya, gidaje sunka fito ɗaya bayan ɗaya, lakwal ta tsaya a busshe. Kawu ya ce, "La'ilaha illallahu!" Na jera duwatsu a allo, na sake sakin iskar nan. Ruwa ya taso ya bugi duwatsun ya watse, bai wuce wurin bandar kifi ba. Kawu ya tashi ya zagaya bayan allo, ya shafa bango, ya sansana hannunshi. Ya dawo ya zauna ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." Sai da furofesa ya yi ta tari sannan munka ci gaba.

Amma fa bai saki jiki ba. Da anka fitar da mu don su yi shawara, ya damƙe hannuna, ya aiki Lurwanu ya dubo ko akwai ƙofar baya. Da anka kira mu, kowa ya miƙe tsaye, shugaba ta karanta sakamako, zaure ya ɗauki tafi. Kawu ya jawo ni ya ce, "Shekara nawa?" Na sa baki a kunnen dama na ce, "Sun sallame ni, Kawu! Na zama dokta!" Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna. Sai a nan na lura ko takalmin bai mayar ba.

Albasa kuwa an raba ta. Na ce ba a yin haka, babu wanda ya kula ni. Furofesan Abijan a cikin jar rigarshi ya ƙunshe tashi.

Ɗiyarki,
Farida

*

Kotonu, Satumba

Zuwa ga Cima.

Bayan gaisuwa, ina lahiya. Ina fatan gwiwa ta bar ki kin leƙa gona.

Na iso cikin lokaci. Farida ta ce ta rubuta miki, ban san abin da ta faɗa ba, amma kin san yara da ƙari. Abin dai ba kotu ba ne sosai-sosai, sai dai ya yi kama da ita ƙwarai, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa maganata ba ta taimaka ba. Yanzu dokta ce, amma ba ta allura ba, kada ki tara mata masu ciwo.

Cima, na ga teku. Ba shi da ƙetare. Na tsaya ina jira ya kwanta, bai kwanta ba, wai haka yake tun da Allah ya yi shi. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Ruwa mai yawa haka, ko kan albasa guda ba zai shayar ba.

Farida ta kai ni unguwar da abin ya faru. Wani tsoho sa'ana ya kama hannuna ya ja ni bakin ruwa. Ba ni jin yarenshi, ba ya jin nawa. Ya nuna mani wani wuri can ciki inda kumfa ke tashi. Farida ta ce nan ne ɗakin da anka haife shi, kusa da shi kuma kabarin uwarshi. Sai na tuna gonar babana da kori ya tahi da ita, wadda har yau in na bi ta wurin nike nuna wa mutane sarari in ce nan take. Munka zauna bisa wani kifaffen kwalekwale ni da shi har la'asar. Ya ba ni kifi na ci. Ban san sunan kifin ba, kuma babu abin da ya same ni.

Farida za ta kai lissafinta wurin hukumar gari, ko sa aza duwatsun na gaske. Ban sani ba ko za su aza. Ni dai na ce mata ta ci gaba da nutsar da unguwannin nan cikin allo iyakar son ranta, na ba ta izini.

Ta hana ni bin kamyo yau, wai in huta sai Lurwanu ya sake dawowa. To ga abin da nike so da ke. In mutane sun tambaya, ki ce walimar gama karatu na zo. Maganar durƙuso da tuɓe takalmi ta tsaya tsakaninmu. Na ja kunnen Lurwanu, ya yi mani alkawari.

Mijinki,
Alƙasim

*

Karofane, an fara girbi

Malam, ina gaisuwa. Muna lahiya, gwiwa da sauƙi. A gaida dokta.

Lurwanu ya kawo takardarka. Amma kafin ya iso gidan nan ya tsaya tashar Madawa, ya tsaya wurin mai shayi, ya tsaya majalisar ƙofar masallaci. Ko'ina sai ya tuɓe takalmi ya nuna yadda ka yi.

Sai dai labarin ya canza bisa hanya. Abin da Karofane ta sani yanzu shi ne, an yanke wa Farida ɗaurin rai da rai, kai kuma ka tashi ka yi magana da faransanci, alƙalai sunka fashe da kuka sunka sake ta, har sunka ƙara mata da dokta don ban haƙuri. Na ce ba haka anka yi ba, babu mai saurarena. Ba a kiranka Alƙasim yanzu, sai Aboka, wai mai tsaya wa mutane gaban alƙali.

Habu da Yaƙubu sun zo, rigima ce tsakaninsu bisa wani jaki, kowa ya ce nashi ne, kuma kowa na so kai ka tsaya mishi. Na ce musu aboka ya tahi aiki bakin teku. Sunka ce za su jira. Da yake babu wanda ya yarda jakin ya kwana gidan ɗayan, sun ɗaure shi a tsakar gidanmu, ni ke ba shi ci.

Ka hanzarto, ya fara cin danga.

Cima